Jirgin Maƙerin da Ya Nutse a Gelidoniya: Kayan Aiki, Awo da Algus

A gaɓar kudancin Turkiyya, kudu maso yamma da birnin Antaliya, akwai wani tsinin ƙasa da ya kutsa cikin Bahar Rum, ana kiransa Gelidoniya. A gabansa ƙananan tsibirai biyar ne a jere, kuma ruwan da ke ratsa tsakaninsu yana da ja ƙwarai. Wajen shekara ta 1200 kafin Miladiyya wani ƙaramin jirgin katako ya zo wucewa ta nan, cikinsa ya daki wani dutse da ke ɓoye dab da saman ruwa, ya yi ta zubar da kaya yana tafiya har ya kwanta a zurfin mita 27 ko kusa da haka. Nauyin ƙarfen da ke cikinsa ya kai kimanin tan guda.

Wani mai nutso neman soson teku daga garin Bodrum, Kemal Aras, shi ya fara cin karo da wurin a 1954. Labari ya kai kunnen ɗan jarida Peter Throckmorton a 1958, sannan a 1960 Jami'ar Pensilbaniya ta Amurka ta turo George Bass, ɗalibin da bai jima da koyon nutso ba, ya jagoranci haƙa. Wannan ne karo na farko da masanin tarihi ya sauka ƙarƙashin teku da kansa ya tone jirgin dā daga farko har ƙarshe. Kayan sun riga sun manne da juna sun zama dunƙulen dutse, don haka sai da aka riƙa sare su da kurfi da guduma, a ɗago su gaɓa guda-guda, a sake jera su yadda suke, kafin a fasa a ga abin da ke ciki. Yau akasarinsu suna gidan tarihi na Bodrum.

Dalilin da ya sa wannan jirgi ya cancanci nazari shi ne, a duk maganar da ake yi kan maƙeran dā masu yawo gari-gari, da wuya a sami wuri guda da jari da kayan aiki da ma'auni da guzuri suka taru kamar nan.

Abin da aka samu a ciki

Kaso mafi nauyi jan ƙarfe ne tsantsa, wanda aka zuba cikin siffar ƙirgi: falle mai faɗi da kunnuwa huɗu, kamar fatar sa da aka shanya. An ƙirga aƙalla 34, kowanne wajen kilo 20, wasu kuma an raba su biyu tun kafin a loda su. Ana jin kunnuwan nan ba ado ba ne, mariƙi ne, mutum ya saɓa a kafaɗa ya kama ɗaya. Akwai kuma ƙananan curi masu siffar waina, da wasu siraran falle. Kuza ma na ciki, amma ba a same ta a matsayin ƙarfe ba. Ta kwanta jikin jan ƙarfe cikin ruwan gishiri shekaru dubu uku, ta ruɓe ta koma farin abu mai laushi kamar man goge baki.

Sai kwanduna cike da tarkacen tagulla. Karyayyun fartanyu, diga, shebur, gatura, gizago, wuƙaƙen sassabe, kan mashi, madubi, tsinken gasa nama, gutsattsarin ƙafafun kasko, da ragowar zubi, wato ɗan kan da ake yankewa bayan an fasa mazubi. Kusan duk irin ƙirar tsibirin Kubrus ne, kuma mafi yawansu a karye aka loda su. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin 'yan gwangwan ya ga yadda ake ware kaya a kan sikeli zai gane wannan kwando nan take.

An kuma sami wani ɗan dunƙulen tagulla mai ramuka da kwaruruka a jikinsa, irin wanda ake ɗora ƙarfe a kai a buge shi ya ɗauki siffar ramin. Akwai kawunan guduma na dutse, dutsen wasa kaifi, duwatsun goge ƙarfe, da wani babban dutse mai santsi da zai iya zama uwar maƙera. Ban da su, akasari a gefen da ake jin nan mai jirgin ke zama, akwai duwatsun awo kimanin sittin, hatimi mai siffar ganga na arewacin Siriya, 'yan layun Masar masu siffar buzuzu, fitila irin aci-bal-bal, ƙwallayen zaitun, da ƙashin idon sawun dabba guda ɗaya. Ƙarƙashin kayan duka an shimfiɗa ƙiraruwa don kada gefen ƙirgi ya huda katako. Da waɗannan ƙiraruwa aka auna shekarun jirgin.

Wane irin maƙeri ne ke yawo?

A 1930 masanin tarihin dā Gordon Childe ya kafa ra'ayin da ya daɗe yana jan zare: cewa maƙeran zamanin tagulla su ne mutanen farko da suka bar noma da dangi, suka rataya jaka suna bin ƙauyuka, kuma ta hannunsu fasaha ta bazu a Turai. Daga 1971 masana irin su Michael Rowlands suka fara warware wannan, suna kafa hujja da yadda ƙira take a al'ummomin da aka gani da ido, ciki har da na Afirka. A can maƙeri yana da gari da gona da sarki, yana ƙira da rani, kuma sau da yawa mai aiki ne ke kawo ƙarfe da gawayi. Wanda ya san maƙerin ƙauye da ke ɗaure zuga-zugi da 'yar uwar maƙera ya bi kasuwannin mako, ya dawo gida da damina, ya san wannan magana tana da ƙamshin gaskiya.

Rubutun zamanin ma ya nuna wani nau'in maƙeri da ba shi da 'yancin yawo ko kaɗan. Allunan yumɓu na fadar Pilos a Girka, waɗanda suka ƙone kusan lokacin da jirginmu ya nutse, sun lissafa maƙera sama da ɗari biyu da sunayensu, kowa da nauyin tagullar da fada ta auna masa, daga kilo ɗaya da rabi zuwa goma sha biyu, ya ƙera ya mayar. A wasiƙun sarakuna da aka tono a Amarna ta Masar kuma sarkin Alashiya, wato Kubrus, yana bai wa Fir'auna haƙuri kan ƙarancin jan ƙarfen da ya aiko, domin annoba ta kashe masa mutane har babu mai aikin ƙarfe. Ƙwararre a wancan zamani dukiyar sarki ne, in ya yi tafiya to aro aka bayar da shi.

Jirgin Uluburun, wanda ya nutse kusa da garin Kash a wannan gaɓa ta Turkiyya kimanin shekara ɗari kafin wannan, shi ne fuskar wannan duniya ta fada: tan goma na jan ƙarfe, tan ɗaya na kuza, kusan kason da ake haɗa tagulla, ga hauren giwa da gilas da zinariya. Na Gelidoniya kuwa kashi ɗaya cikin goma ne na wancan, kuma mai shi bai raina karyayyar fartanya ba. To a tsakanin maƙerin Childe mai jaka da maƙerin fada mai rajista, ga na uku.

Yadda aikin yake idan jirgi ya tsaya

A ɗauka jirgin ya sauka wani ƙauyen bakin ruwa, manomi ya zo da karyayyar fartanya yana son sabuwa. Abin da zai biyo baya ba aikin yini guda ba ne, kuma a nan ne hoton maƙerin da ke sauka da safe ya tashi da yamma yake rushewa.

Farko mazubi. In akwai na dutse, falle biyu da aka sassaƙa siffar kayan a ciki, to an huta, domin yana ɗaukar zubi da yawa kafin ya tsage. In babu, yumɓu za a nema. Ana kwaɓa shi da yashi mai laushi da ƙaiƙayi ko kashin dabba, a danna samfurin katako a ciki rabi da rabi, a haɗa fallen biyu, a naɗe su da wani yumɓun mai kaushi, a bar baki a sama kamar mazurari. Ƙaiƙayin yana ƙonewa ya bar ƙananan ƙofofi da iska za ta bi ta fita. Sai shanya a inuwa na kwanaki, sannan gashi a wuta har ya yi ja. Babu hanyar gaggauta wannan. Yumɓun da ya bushe a waje alhali cikinsa da danshi, shi ne ke tofa narkakken ƙarfe a fuskar mai zubi.

Na biyu gawayi. Itace ɗanye ko busasshe ba ya kai zafin da ake so. Jan ƙarfe yana narkewa a digiri 1085 na ma'aunin Salshiyas, kuza a 232, dalma a 327. Tagulla mai kuza kashi goma cikin ɗari tana gama narkewa wajen digiri 1000, amma ba a zuba ta a nan, sai an ƙara mata ɗari ko fi, don ta iya gudu cikin mazubi kafin ta daskare. Gawayi kaya ne mai cin wuri, ba mai cika ƙaramin jirgi da shi. A gari ake saye, ko a jira a ƙona, kuma buhu guda na cin itace ninkin nauyinsa biyar zuwa bakwai.

Na uku murhu, wanda ba wani gini ba ne. Rami ne ɗan ƙarami, a ajiye kaskon yumɓu mai kauri a ciki, a zuba ƙarfe, a tula gawayi a kansa. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: a wannan yanki da wannan zamani daga sama ake hura wuta, bututun yumɓu yana kallon cikin kasko. Haka aka gani a ma'aikatar tagulla ta Kantir a Masar, kuma shi ya sa kaskon da aka tono cikinsu ya narke ya yi ƙyalli, bayansu kuwa lafiya lau. Zanen kabarin Rekmire, wazirin Fir'auna a ƙarni na 15 kafin Miladiyya, ya nuna sauran: zuga-zugin tukunya da aka rufe bakinsa da fata, mutum ya taka da ƙafa ya ja da igiya, hagu da dama, mutum biyu kuma suna ɗaga kasko da ɗanyun sanduna maimakon awartaki. Ke nan ana buƙatar mutum uku ko huɗu. Mutum ɗaya ba ya zuga, ya lura da wuta, ya kuma ɗaga kasko.

Na huɗu haɗi, kuma a nan gwaninta take. Ba a jefa ƙirgi mai kilo 20 cikin kasko. Ana gasa shi ne a sare gutsure, abin da ya sa aka ga rabi-rabi da ɓaɓɓake a cikin jirgin. Ita ma tsohuwar tagulla in aka gasa ta ta yi ja aka buga, sai ta farfashe kamar kasko, don haka a haka ake rage manyan tarkace. Kason da aka fi so shi ne tara na jan ƙarfe, ɗaya na kuza. Ƙirgi guda da kuza kilo biyu da ɗan ɗori zai ba da tagulla kilo 22, wato fartanya talatin ko kusa, in kowace tana cin gram 700 har da asara. Jan ƙarfen ake fara narkarwa, kuza daga baya, domin in ta jima a wuta iska tana cinye ta.

Tarkace kuwa sun fi wuyar sha'ani, don ba wanda ya san abin da ke cikinsu. Duk lokacin da aka sake narka tagulla tana rasa ɗan kuza, launinta yana komawa ja, kaifinta yana raguwa. A ce maƙeri yana da tarkace kilo uku da ya ƙiyasta kuzarsu kashi bakwai ce cikin ɗari. Kuzar da ke ciki gram 210 ke nan. Don ya kai kashi goma sai ya ƙara gram 100: gram 310 cikin 3,100. Ba shi da na'ura, da launi yake ƙiyasi. Ja sosai, kuza ta yi kaɗan. Ruwan zinariya, daidai. In ta fara fari-fari, ta wuce kashi goma sha biyar, za ta yi tauri amma ta karye da bugu ɗaya, sai dai madubi ko ƙararrawa.

Idan wuta ta kama sosai, kilo guda yana narkewa cikin minti ashirin ko ƙasa. A bar gawayi a saman ruwan ƙarfen har lokacin zubi, shi ke hana iska shiga. A ɗumama mazubi, in na dutse ne a shafe cikinsa da baƙin hayaƙi don kada ƙarfe ya kama. A kafa shi cikin yashi. A ɗaga kasko, wani ya tare gawayi da kashin maƙera da ɗanyen itace, a zuba a tashi ɗaya ba tsayawa. Tsakanin ɗagawa da gamawa daƙiƙa goma ne zuwa goma sha biyar. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, amma mai zubi ko wannan sararin ba shi da shi.

Sai gyara, wanda shi ne kayan aikin da aka samu a jirgin suka fi shaida. A yanke kan zubi a mayar kwando, a goge bakin haɗi da dutse, a buge bakin fartanya a sanyi. Tagulla ba a kashe ta da ruwa don ta yi tauri yadda ake yi wa baƙin ƙarfe, bugu ne ke taurara ta, har taurinta ya ninka. Amma in bugu ya yi yawa sai baki ya fara tsagewa, don haka akan mayar da ita wuta ta yi ja-ja, digiri 600 zuwa 700, ta huce ta yi laushi, a ci gaba. Bugun ƙarshe ba a bin shi da wuta. Ramin da ƙota za ta shiga kuma, a irin waɗannan fartanyu naɗe fiffiken ƙarfe ake yi, kuma a nan dunƙulen nan mai kwaruruka yake aiki.

Abubuwan da ke ɓata zubi sanannu ne. Ƙarfe bai yi zafi sosai ba ko mazubi ya yi sanyi: zubi ya tsaya rabin hanya, ko ya bar layi inda ruwa biyu suka haɗu ba su narke da juna ba, kuma daga nan zai karye. Gawayi mai danshi: ƙarfe ya sha iska, in ya daskare cikinsa ya yi ƙofofi kamar burodi. Kan zubi ya yi ƙanƙanta: ƙarfe yana tsukewa in yana hucewa, in babu ragowar ruwa a sama da zai cike, sai rami ya fito a mafi kaurin wuri. Fallen mazubi sun goce: rabi ya fi rabi. Duk wanda ya ɓaci kwando yake komawa, kuma kowane komawa yana cin kuza da gawayi.

Idan aka haɗa shanyar yumɓu da neman gawayi da zubi da gyara, zama ne na mako guda zuwa biyu. Baƙon da zai kunna wuta a bakin ruwan mutane tsawon haka, da ƙarfe tan guda a jirgi, dole yana da mai masauki da izinin mai gari.

Awo, da inda ha'inci ke shiga

A ganinmu kayan aikin da ya fi kowanne muhimmanci a jirgin nan ba guduma ba ce, duwatsun awo ne. Babu kuɗin tsaba a lokacin, sai bayan ƙarni biyar ko shida aka fara buga su a Lidiya, yammacin Turkiyya ta yau. Ƙarfe da nauyi ake sayensa. Akasarin duwatsun na wani baƙin dutse ne mai nauyi da tauri wanda ba ya saurin cinyewa, wasu masu siffar ƙwallon dabino, wasu kamar rabin lemo, kuma ba ma'auni ɗaya suke bi ba.

Dalili shi ne kowace ƙasa da shekel ɗinta, wato ƙaramin awon nauyi na zamanin. Na birnin Ugarit a gaɓar Siriya gram 9.4 ne, na birnin Karkemish a bakin kogin Furat 7.8, na Hittiyawa, masu mulkin tsakiyar Turkiyya ta yau, 11.75, na Babila wajen 8.4, kidet na Masar kuma 9.1. Akwai dabara a ciki: hamsin na Ugarit, sittin na Karkemish da arba'in na Hittiyawa duk suna haɗuwa a gram 470. Wanda ya san wannan zai iya ciniki a tashoshi uku ba a cuce shi ba. Zai kuma iya cutar wanda bai sani ba, ba tare da ya taɓa sikeli ba. Ya sayi tarkacen manomi da shekel mai 9.4, ya sayar masa da sabuwar fartanya da mai 7.8, sunan awo ɗaya, amma a kowane shekel ɗari gram 160 sun tafi. Tauye mudu ke nan tsantsa, laifin da Alƙur'ani ya ambata game da mutanen Annabi Shu'aibu, Attaura kuma ta hana mutum ajiye dutse iri biyu a jakarsa, babba da ƙarami.

Hanya ta biyu sikelin kansa. In hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo da kashi biyu cikin ɗari, ido ba ya gani, amma kowane awo ya karkata da kashi biyu. Maganinsa mai sauƙi ne kuma har yau yana aiki: a auna, sannan a musanya, kaya su koma tafin da dutse yake, dutse ya koma na kaya. In sikelin na gaskiya ne zai tsaya yadda yake. Mai saye kuma ya zo da nasa dutsen a gwada da na mai sayarwa kafin a fara maganar farashi, ba bayan an gama ba.

Ta uku algus a cikin ƙarfen. Dalma ta fi kuza araha nesa ba kusa ba, tana ƙara nauyi, tana kuma sa zubi ya yi kyau ya cika kowane lungu. Kaɗan daga cikinta ba laifi ba ne, maƙera na saka ta da gangan a kayan ado. A gatari kuwa cuta ce, domin dalma ba ta haɗuwa da jan ƙarfe, ɗigo-ɗigo take zama a ciki, bakin ya yi ta lanƙwasa ko ya ɓantare wajen bugu. Ana gane ta da amo: a rataye gatari a ƙwanƙwasa, mai kyau yana ƙara ta jima, mai dalma ko mai ƙofofi sai ya ce ƙwal ya yi shiru. Ana kuma kankare wuri a ga launi, a sara bakin a kan itace mai tauri a duba.

Shi ma ƙirgin ba a yarda da fuskarsa. Binciken da aka yi wa na Uluburun ya nuna cikinsu cike yake da ƙofofi da ɓurɓushin kashin maƙera, wato sai an sake tace su, kuma nauyin da aka biya ba shi ne nauyin da za a zuba ba. Mai wayo sai ya ce a sare masa kunne ɗaya ya ga ciki. Rigimar da ke biyo bayan rashin yin haka tsohuwa ce. A birnin Ur na Iraƙi an tono allon da wani Nanni ya aika wa ɗan kasuwa Ea-nasir wajen 1750 kafin Miladiyya, yana ƙorafin an ajiye wa ɗan aikensa jan ƙarfe marar kyau an ce in zai ɗauka ya ɗauka, in ba haka ba ya tafi. Matakin da Nanni ya ce zai ɗauka shi ne wanda har yau ya fi aiki: daga yanzu a farfajiyarsa zai riƙa zaɓen curi ɗaya bayan ɗaya. Allon yana gidan tarihi na Birtaniya. Hatimin da ke cikin jirgin Gelidoniya ma aikinsa ke nan, a murza shi kan ɗanyen yumɓu gaban shaidu, yarjejeniya ta sami mai ita.

Akwai abin da ke tsare mai yawo daga yawan cuta, ba tsoron Allah kaɗai ba. Jirgin da ke bin gaɓa ɗaya kowace shekara zai dawo ƙauyen nan baɗi, ya tarar da manomin da gatarinsa ya lanƙwashe yana jiransa, shi kuma yana buƙatar ruwan sha da gawayi da wurin kwana.

Ƙashin idon sawun nan guda ɗaya ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. Irinsa ake jefawa a wasa, a caca da kuma duba, kamar yadda aka yi da kuɗin wuri a ƙasar Hausa, kuma shi ne kakan ƙwayar da ake jefawa a ludo da wasannin tebur na yau. Fuska huɗu yake faɗuwa a kai, ba kuma daidai ba: faffaɗan biyu kowace wajen sau huɗu cikin goma, siraran biyu sau ɗaya-ɗaya. An tono irinsa a wurare da dama na gabashin Bahar Rum an goge gefensu, wasu an huda an ɗura musu dalma, kuma ko don wasa aka yi ko don zamba, hakan yana sauya yadda ƙashi ke faɗuwa. Ƙa'idar tsare wasa ita ce dai ta tsare sikeli. Kowa ya jefa ƙashi ɗaya, daga cikin ƙoƙo ba daga tafin hannu ba, a fili inda kowa ke gani, kuma kada a ɗauke sai an karanta. In ana zargin ƙashin, a jefa shi sau ɗari a ƙirga kafin a zargi mutum, domin sa'a sau biyar a jere tana faruwa.

Wane ne mai jirgin?

Bass ya kafe cewa ɗan kasuwar gaɓar Siriya da Kan'ana ne, yana kafa hujja da hatimi da fitila da duwatsun awo, a lokacin da kusan kowa ke ɗauka Girkawan Maisini, wato mutanen Girka na wancan zamani, ne ke riƙe da cinikin teku. An yi masa ca, sai da Uluburun ta fito aka sassauta. Amma komawar da aka yi wurin daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa 2010 ta ƙara jan lamarin zuwa Kubrus: anka ta dutse da aka gano a 1994, tukwanen amfanin yau da kullum, da gwajin da ya nuna jan ƙarfen ƙirgin daga ma'adinan tsibirin ya fito. A wannan komawar ce kuma aka bi sawun kayan da suka zube har zuwa dutsen da ya fasa jirgin.

Kan ko maƙeri ne, hujja ta kasu. Ƙirgi da kuza da tarkace, ɗan kasuwa zalla ma zai ɗauka ya kai wa maƙeran gari. Amma dunƙule mai kwaruruka da guduma da dutsen washi da uwar maƙera sun fi kama da kayan da ake aiki da su. Abin da ya fi dacewa da shaidar shi ne mutum mai ƙafa biyu: inda ya tarar da maƙera ya sayar musu da ɗanyen kaya, inda babu ya kafa wuta da kansa, ko'ina kuma ya karɓi karyayye a madadin kuɗi.

Lokacin ma ya dace da irinsa. Cikin shekaru ashirin zuwa talatin da nutsewar jirgin an ƙone Ugarit da Pilos, an watse daga Hattusa, babban birnin Hittiyawa, fadojin da ke aika tan goma a tashi ɗaya suka daina aikawa. A Kubrus, a wurare irin su Enkomi, an tono tarin karyayyun kayan tagulla na wannan zamani da aka binne ba a dawo an ɗauka ba, irin kayan da ke cikin kwandunan Gelidoniya sak.